Hoton Da Ke Tona Asirin Wani Ciwon Ƙwaƙwalwa

Dukanmu mun san tsufa yakan zo da mantuwa, amma sannu a hankali. Akwai wani ciwo kuwa da ba ya jira. Mutum mai shekara kamar 60 yana harkarsa lafiya lau, cikin 'yan makonni sai ya fara ruɗewa, yana tangaɗi, jikinsa yana fizga. Yawancin waɗanda ya kama ba su cika shekara guda. Sunansa ciwon Creutzfeldt-Jakob, don tunawa da likitoci biyu na Jamus da suka ba da labarinsa a 1920 da 1921. Cikin mutum miliyan ɗaya, 1 ko 2 yake kamawa a shekara.

Ba ƙwayar cuta irin ta zazzaɓi ke kawo shi ba. Wani furotin ne na jiki yake lanƙwashewa ba daidai ba, ya kuma ɓata 'yan'uwansa, kamar ruɓaɓɓen tumatir cikin kwando. Stanley Prusiner na Amurka ya raɗa masa suna firiyon a 1982. Shi ke huda ƙwaƙwalwa ta zama kamar soso.

To, ƙaƙa likita zai gani, mutum yana da rai? Hoton CT sau da yawa ba ya nuna kome da farko. Amma na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, tana iya auna yadda ruwa ke motsi cikin ƙwaƙwalwa. Inda ramukan nan suka tsare ruwan, sai wurin ya yi fari fat a hoto. Wuri biyu ake dubawa: ɓawon ƙwaƙwalwa, inda farin yake bin lanƙwasarta kamar zare, da wasu dunƙule-dunƙule can ciki masu kula da motsin jiki. Hoton yakan gano ciwon a wajen mutum 9 cikin 10.

Wani zai ce, ina amfanin hoto tun da har yanzu ba magani? Amfaninsa babba ne. Akwai cututtuka masu kama da wannan, irin su kumburin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake warkarwa in an gane su da wuri, hoton kuwa yana taimakawa a rarrabe. In kuma ciwon ne, iyali sun huta da sayar da gona don neman magani, sun huta da zargin maƙwabci da sammu.

Ba a ɗaukarsa ta taɓa majinyaci ko cin abinci tare da shi. Saboda haka kada mu guje shi. Mu ciyar da shi, mu juya shi a gado, mu yi addu'a tare da shi, gama kwanakinsa kaɗan ne.