Lemo mai yatsu: yadda ake renon Hannun Buddha a gida

Idan sabuwar shekara ta gabato a ƙasashen Sin da Japan, akan ga wani ɗan itace mai ruwan ɗorawa a kan teburan gidaje da wuraren bautar mabiya addinin Buddha. Daga gindi a dunƙule yake, amma daga tsakiya sai ya rarrabu zuwa yatsu dogaye, wasu a tsuke wasu a baje. Shi ake kira Hannun Buddha, kuma lemo ne. Yankin Jinhua da ke lardin Zhejiang na Sin ya yi suna wajen nomansa.

Wanda ya yanka shi da niyyar matsewa zai sha mamaki, domin babu ruwa a ciki, babu tsoka, galibi ma babu ko ƙwallo. Ɓawo ne da farin nama kawai. Darajarsa tana ga ƙamshi: guda ɗaya kan cika ɗaki, shi ya sa ake ajiye shi cikin tufafi, ko a yayyanka ɓawon a dafa da sukari, tun da farin namansa ba shi da ɗaci irin na sauran lemo. Reshe ne na sitron, ɗaya daga cikin tsofaffin nau'o'in da yawancin lemon duniya suka samo asali. Lemun tsamin da muke matsawa a shayi ma jinin sitron ne.

Rashin ƙwallo yana nufin ba a shuka shi. Ko dai a kafa reshe ya yi saiwa, ko a yi masa aure a kan gindin wani lemo mai juriya, kamar yadda masu dashe ke yi wa mangwaro. A nan mai saye ya kamata ya buɗe ido. Duba gindin dashen, za ka ga ɗan kumburi inda aka haɗa su. Kada ƙasa ta rufe wannan gaɓa. Duk tohon da ya fito daga ƙasanta na uwar gindi ne, kuma ya fi na sama kuzari; idan aka bar shi zai janye abincin duka, a wayi gari ana renon wata bishiya dabam. Wani lokaci ganyensa uku-uku ne a kan sanda ɗaya, alamar gindin da ake yawan amfani da shi a ƙasashen sanyi. A cire shi tun yana ɗanye.

Abin da ya fi kashe wannan bishiya a gida, a ganina, yawan kulawa ne. Mai ita ya ga ganye ya yi rawaya, sai ya ƙara ruwa, alhali ruwan ne ya hana saiwar numfashi har ta fara ruɓewa. Tukunya mai huda a ƙasa ake so, da ƙasa mai yashi gauraye da ruɓaɓɓen taki, ba yumɓu ba. Kafin ban ruwa a tura yatsa cikin ƙasar. In da sauran danshi a bari sai gobe. In za a ba ta, a ba ta sosai har ruwa ya zubo ta hudar, saboda hakan na wanke gishirin da ke taruwa, kuma lemo ba ya shiri da gishiri.

Rawayar ganye ma kala-kala ce. Idan tsofaffin ganye ne suka koɗe gaba ɗaya, yunwar naitirojin ce. Idan sababbi ne suka yi fari-fari amma jijiyoyinsu na nan kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda ke yawan faruwa a ƙasa mai kanwa.

Bishiyar tana son rana kamar awa 6 zuwa 8 a yini, sai dai ta fi lemun zaƙi raki. Sanyi mai daskarar da ruwa yana ƙone ta, shi ya sa a Turai ake shigar da ita ɗaki da hunturu. Tsananin zafi da fari ma suna sa ta zubar da fure. Mai sha'awarta a wuri irin Kano ko Damagaram sai ya nema mata hantsi, ya kare ta daga ranar azahar ta bazara. A kuma kula da ƙaya lokacin datsa.

Idan ka ga kiyashi na hawa da sauka, leƙa bayan ganye. Akwai ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan itace, kiyashin kuma zaƙin da suke fitarwa yake bi, wanda daga baya ke yin baƙin fumfuna. Ruwan sabulu kaɗan ko man darbejiya da yamma na maganinsu. Wadda ba ta da magani ita ce cutar Huanglongbing, da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa. An gano ta a jihar Fulorida ta Amurka a 2005, ta kuma durƙusar da gonakin lemon jihar. Dashe da reshen aure suna iya zuwa ɗauke da ita, don haka kada sha'awa ta sa a ɓoyo reshe cikin jaka daga ƙasar waje ba tare da binciken jami'an killace tsirrai ba.