Macijin Gardi da Zafin Bazara a Ƙasar Gobir

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafi a yankin Sabon Birni da Isa yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma wannan a inuwa ke nan. Rairayin da rana ta buga tun hantsi yana iya kaiwa digiri 60 kafin azahar. A irin wannan lokaci ne gardi, watau mai wasa da maciji, yakan sauke akwatinsa a gefen kasuwa, ya tara jama'a da kirari da tallar magani, alhali abin da ke cikin akwatin yana gab da halaka. Idan kumurcin ya mutu kafin la'asar, akan ce sammu ne ko aikin abokin hamayya. Sau da yawa zafi ne kawai ya kashe shi.

Dalilin yana cikin yadda aka halicci jikin maciji. Ɗan Adam da akuya da kaza duk suna samar da ɗumin jikinsu daga abincin da suka ci, suna kuma da hanyar zubar da shi idan ya yi yawa: mutum ya yi gumi, kare ya yi haki. Maciji ba ya gumi, domin fatarsa ba ta da kafofin yin haka, kuma ɗan ɗumin da jikinsa ke samarwa bai taka kara ya karya ba. Zafin wurin da yake kwance shi ne zafin jininsa. Akwai riba cikin wannan tsari, don kuwa maciji na rayuwa da kimanin kashi ɗaya cikin goma na abincin da dabba mai shayarwa mai nauyinsa ke bukata, shi ya sa mesa kan yi watanni ba ta ci kome ba. Amma ribar tana tafe da sharaɗi: dole ya sami damar sauya wuri.

A shekarar 1944 wasu masana biyu, Raymond Cowles da Charles Bogert, suka wallafa bincikensu a kan macizai da ƙadangarun hamadar Kalifoniya ta Amurka. Kafin nan an ɗauka cewa dabbobin hamada sun fi sauran jure zafi ne kawai. Suka nuna cewa dabararsu ita ce kai da kawowa tsakanin rana da inuwa da rami, har jikinsu ya zauna a wani matsakaicin zafi, kuma idan aka tsare su a rana sukan mutu cikin mintoci kaɗan. Yawancin macizai sun fi son jikinsu ya tsaya kusa da digiri 30. Da ya haura 40, an shiga haɗari. Abin lura a nan shi ne, iskar inuwar Isa a watan Afrilu ta riga ta kai wannan iyaka.

To, yaya macijin daji ke tsira? Ƙasa ce mafakarsa. Zafin rana ba ya ratsa ƙasa da nisa. Kamu ɗaya ko biyu a ƙarƙashin rairayi mai ƙuna, sai a tarar da wuri mai dama-dama wanda zafinsa ba ya sauyawa sosai dare da rana. Saboda haka kububuwa da kasa da gamsheƙa kan shige ramin ɓera ko na gafiya, ko tsohon suri, ko tsagar laka a fadamun gulbin Rima, su jira faɗuwar rana. Macijin da ke hannun gardi an raba shi da wannan dabara ɗaya tilo da yake da ita. Duk inda aka ajiye akwati, nan ƙaddararsa take.

Ba kowane mazubi ne ke da haɗari iri ɗaya ba. Kwando da ƙwarya da tukunyar ƙasa, waɗanda mutanen da suka yi amfani da su, suna barin iska ta ratsa, ba sa kuma ɗaukar zafi da sauri. Akwatin kwano, da bokitin roba mai murfi, da buhun leda, su ne matsala. Akwatin kwano da aka ɗaure a bayan babur ko a kan rufin mota ba shi da bambanci da tanda. Wani abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne, duk ƙarin digiri 10 kan ninka saurin aikin jikin maciji kusan sau biyu, bukatarsa ta iska ta ƙaru, a daidai lokacin da aka toshe masa ita.

Alamun suna zuwa bi da bi. Da farko macijin zai rasa sukuni, ya riƙa dukan murfi da hanci yana neman mafita. A wannan mataki ne ya fi saurin sara, kuma mai shi bai kamata ya dogara da cewa ya cire masa haƙoran dafi ba, domin sukan sake tsirowa. Daga nan sai ya wangale baki, idan ya ci abinci kwanan nan ya amayar da shi. Idan aka kife shi ya kasa juyowa, to ajali ya kusa. Kwara masa ruwan ƙanƙara a wannan hali kuskure ne. Abin da ya dace shi ne a kai shi inuwa a jiƙa shi a hankali da ruwan randa.

Ita randar ma akwai darasi a jikinta. Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, iska ta busar da shi, kuma kowane giram ɗaya da ya bushe yana tafiya da zafi kimanin kalori 580. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mai riƙon maciji zai iya cin moriyarta: ya girke tukunyar a kan jiƙaƙƙen yashi a ɗakin ƙasa mai rufin azara ko na ciyawa, ya yafa jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya, ya ajiye kasko mai ruwan sha. Gefe ɗaya aka ce, don kada a jiƙe wurin duka, fatar cikinsa ta ruɓe. Masu kiwon ƙaramar mesar nan da ake fitarwa daga Gana da Togo da Binin zuwa Turai da Amurka ma haka suke yi da na'urorinsu: kusurwa ɗaya ɗumi, ɗaya sanyi, macijin ya zaɓa da kansa. Sai dai dabarar busar ruwa ta fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe ƙamas. Idan hadari ya fara haɗuwa, iska ta cika da laima, ƙarfinta kan ragu, sai a koma ga rami da inuwa mai zurfi.

Wanda bai taɓa riƙon maciji ba, shi ma zancen ya shafe shi. Sanyin da gardi ke wahalar samar wa kumurcinsa, macijin daji na neman sa da kansa, kuma a ƙauye babu inda ya fi gindin randa, da ƙarƙashin rumbu, da makwararar ruwan wanka. Mace ko yaro da ya miƙa hannu bayan randa da almuru don ɗauko moɗa, yana iya taɓa abin da ake sakaya sunansa da igiyar ƙasa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma maganinsa allurar kashe dafi ce ta asibiti, wadda a wannan yanki mai fama da rashin tsaro isa gare ta da dare ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗora randa a kan gammon dutse ko kututture, da share kewayenta, da haska tocila kafin a kai hannu, ba su cin ko sisin kwabo.