Tsakuwa ta fasa gilashin mota: wa zai biya?

Da kaka, idan tireloli suka ɗauko masara da auduga a hanyar Funtua zuwa Malumfashi, tsakuwa ɗaya da taya ta cillo ta isa ta tsaga gilashin gaban mota. Direba ya ce ai yana da inshora. Tambayar ita ce, wace iri?

Takardar da 'yan sanda ke nema a shingen hanya ita ce ta dole, wadda hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida tun Janairun 2023. Ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani take biya, har naira miliyan 3. Gilashinka kuwa ba ya cikinta ko kaɗan, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Cikakkiyar inshora ce ke ɗaukar gilashi. Kuɗinta ba ya yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Ko a nan sai an karanta sharuɗɗa: wasu kamfanoni na iyakance abin da suke biya kan gilashi, wasu na sa mai mota ya fara biyan wani kaso daga aljihunsa. Mai gudun riba yana da takaful, wato tsarin inshorar Musulunci, irin na Jaiz ko Noor.

In abin ya faru, ɗauki hoto nan take, ka sanar da kamfani kafin ka kai wa mai gyara. Kada a bar ƙaramar tsaga ta daɗe, domin zafin rana da ramukan hanya na ƙara buɗa ta har sai an canza gilashin gaba ɗaya.