Kyanwar Allo da Ragon Kara: Wane Ma'auni Ya Fi Nauyi?

Alƙalai biyu ne, kowanne da dabba a gabansa. Na farko yana duban allon waya ko na kwamfuta, inda aka jera kyanwoyi masu roɗi-roɗi irin na damisa, yana ba su maki. Na biyu yana tsaye a karar dabbobi ta Jega ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, hannunsa a gadon bayan rago. Dukansu da launi suke farawa, amma ba wuri ɗaya suke tsayawa ba.

Kyanwar da ake kwaikwayo a wasannin allo tana da asali na zahiri. A 1963 wata Ba'amurkiya, Jean Mill, ta haɗa kyanwar gida da wata kyanwar daji ta Asiya mai zanen damisa, kuma daga aikinta ne aka samu irin da ake kira Bengal. Ƙungiyar masu kiwon kyanwa ta duniya, TICA, ta ba shi damar neman kambun gasa a 1991. Akwai kuma Savannah, wadda aka fara samu a 1986 daga wata kyanwar daji ta Afirka mai dogayen ƙafafu. Ƙa'idar gasar Bengal a rubuce take. Ana son ɗigon ya fito raɗau a kan gashi, ko ruwan ƙasa ne, ko ruwan azurfa, ko fari-fari. Dole ciki ma ya kasance da zane. Idan ɗigon ya haɗe ya zama layi daga baya zuwa ciki kamar na kyanwar unguwa, sai a rage maki.

Irin wannan ƙa'ida ce masu wasa suka ɗauko. Tun da kamfanin PF Magic ya fitar da wasan Catz a 1996, masu sha'awa suka shiga ƙirƙirar irinsu na kyanwa, suna ɗaukar hoton tsayuwarta suna kaiwa gasa. A 2017 wasan CryptoKitties ya kai lamarin ga kuɗi, har aka sayar da kyanwar allo guda a kan fiye da dala 100,000. Ba daidai ba ne a ce babu ilimi a ciki. Yaron da ya daɗe yana haɗa uwa da uba a irin wannan wasa yakan gane cewa wani launi yana rinjaye, wani kuma yana ɓuya sai ya ɓullo a jika. Yakan saba da ajiye salsalar kowace dabba, ba ya dogara da “an ce”.

Sai dai allo yana zubar da duk abin da ke da nauyi. A zahiri, mazan da aka haifa a zuriyoyin farko na Bengal galibi ba sa haihuwa, kuma irin yana fama da wata cutar ido ta gado mai kai wa ga makanta. Alƙalin gasa ta gaskiya yakan ɗaga kyanwar ya ji ƙarfin jikinta. Alƙalin wasa ba shi da abin taɓawa. A gabansa launi shi ne dabbar baki ɗaya, kuma kuskurensa ba ya jawo wa kowa asarar abincin gida.

A kara kuwa launi sallama ce kawai, ba ita ce maganar ba. Dillali yana hango rago rabinsa na gaba baƙi ko ja, na baya fari, da kunnuwa zalo-zalo, ya san Uda ne na makiyayan Sahel. Fari tas mai tudun hanci da tsawo, Balami ne, wanda asalinsa yankin Borno. Fari mai baƙi a kewayen ido da baki, ɗan ƙasa ne, mai jure wahala. Da launi ya faɗi asali, sai hannu ya karɓi aiki. A buɗe baki a duba haƙora don a san shekaru. A matsa gadon baya da gindin wutsiya a ji nama ne ko gashi ne ya cika ido. A kora shi ya taka a ga ko yana ɗingishi, a duba hanci ko yana yoyo, a leƙa bayansa ko akwai alamar zawo. Sai an gama wannan ake tayawa, mai rago ya ce albarka ko ya sallama.

Addini ma haka ya jera abin. Malamai suna son rago mai ƙaho, fari, amma aibin da ke hana layya ba launi ba ne: ido ɗaya, ciwo bayyananne, gurguntaka da ramar da ta cinye kitse. Manomin albasa na Aliero da ya zuba ribarsa a rago, ko matar Maiyama da ta yi watanni tana ɗaure da nata a turke tana ba shi harawa da dusa, ba a biyansu kuɗin zane. Ana biyansu kuɗin kiwo. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Duk da haka, mu ma launi ya taɓa jan ragamarmu. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira ta Maraɗi, ta yi suna saboda fatarta mai laushi da ƙarko, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Don kare irin, an kafa cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963, kuma an daɗe ana dandaƙe bunsurun da ba ja ba. Amma binciken da masana kiwo na Nijar suka wallafa a 2002 bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin jar akuya da baƙar 'yar'uwarta ta wannan yanki wajen haihuwa da girma. Ke nan duk inda aka mayar da alama ta zama ita ce inganci, ana iya zubar da iri nagari saboda kalar gashinsa kawai.

Idan aka ɗora su a sikeli, ma'aunin kara ya fi nauyi, domin yana tambayar abin da dabba za ta amfanar, kuma wanda ya yi kuskure aljihunsa ne zai gaya masa. Amma allo ya fi mu abu guda: rubutu. Ilimin dillalin Jega yana cikin kansa da yatsunsa. Mai saye ba ya sanin uban ragon, ba ya sanin ko uwarsa mai tagwaye ce, ba ya sanin yaushe aka yi masa rigakafi. Shi ya sa manyan raguna, waɗanda ya kamata a bari su yi barbara, su ne ake fara yankawa kowace shekara.

Wannan giɓi ne matasanmu za su iya cikewa. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, da cibiyar binciken kiwo ta NAPRI da ke Shika a Zariya, suna da masu ilimin tsara ƙa'idar Uda da jar akuya a rubuce, wadda za ta ba launi kasonsa, ta ba nauyi, lafiya da yawan haihuwa kaso mafi girma. Yaron da ya iya riƙe salsalar kyanwar da ba ta ci ba ta sha, zai iya riƙe ta tumakin mahaifiyarsa a waya ɗaya. Ranar da mai kiwo zai shiga kara da rago a hannun dama da tarihinsa a hannun hagu, ranar ce zai daina karɓar farashin da aka ga dama.