Warin Bunsuru da Hancin Akuya

Bahaushe ya ce akuya ko ba ta haihu ba ta fi kare. Maganar tana yi mini daɗi, amma kullum ina ganin an yi wa akuya rowar yabo a cikinta, don a bisashen da muke ɗaurewa a turke babu wadda ta kama ƙafarta wajen haihuwa. Cikinta wata biyar ne, kwana 150 ko kusa da haka, kuma in ta samu ci da sha tana iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu, sau da yawa ma tagwaye. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, fatarta ce ta kai sunanta duniya. Ita majemanmu suka riƙa jemewa da bagaruwa, fatake su ƙetara Sahara da ita, Turawa su saya suna ce mata fatar Maroko. Amma matar ƙauyen da ta ɗaure ta a bayan ɗaki 'ya'yan take hange, su ne kayan ɗakin 'yarta, su ne kuɗin magani ranar da ciwo ya faɗo gida ba sallama.

Abin da na fi jin daɗin lura da shi a sha'anin haihuwar akuya shi ne, hanci ke jan ragama tun daga barbara har zuwa shan nono. A fara da bunsuru, wanda ya sha zagi a bakin Hausawa har sunansa ya zama abin jifan duk namijin da ba ya kame kansa. Warin nan da muke toshe hanci saboda shi daga fatar kansa yake fitowa, daidai gindin ƙaho, sannan ya ƙara da fesa wa gemunsa da ƙafafunsa na gaba fitsari. Mu ƙazanta muke gani, akuya kuwa kira take ji. Awakin da suka daɗe ba su haɗu da namiji ba, in aka shigo musu da ƙosasshen bunsuru, cikin 'yan kwanaki sai ka ga sun fara kaɗa bindi, suna kuka ba dalili, suna juya wa dusa baya. A 2014 masu bincike a Jami'ar Tokyo ta Japan sun gano sinadarin da ke cikin warin nan, wanda yake tayar da wannan aiki a ƙwaƙwalwar akuya. Neman namijin kwana ɗaya ne ko biyu. In ba ta ɗauka ba, sai bayan kamar kwana 21 ya sake zagayowa.

Inda muke cutar kanmu shi ne wajen zaɓen uban. Ba mai son ciyar da bunsuru, tunda ba ya haihuwa ga kuma wari. Ɗan akuyan da ya fi girma da kyan jiki shi ake fara kaiwa kasuwa, ko a dandaƙe shi ya zama taure. Wanda ya rage yana yawo a unguwa shi ne tsumammen da ba wanda ya taya, shi zai bi uwarsa, ya bi ƙannensa, shekara da shekaru. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma mai rarrafe ma ba ya haifar mai gudu. Saboda haka ne cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi, wadda aka kafa a 1963, ta mayar da hankali kan zaɓen bunsurai masu kyau ana kai su ƙauyuka. Bunsuru ɗaya lafiyayye ya ishi awaki 20 zuwa 30, wato gidaje da dama za su iya haɗa hannu su riƙe guda, su musanya shi da na wani ƙauye kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Duk sanda na ji an ce bunsuru ya je barbara ya dawo da ciki sai na yi dariya, amma mai kiwon da ya bar 'yar akuyarsa 'yar wata biyar ta ɗauki ciki, shi ma riba ya je nema ya dawo da asara. Girmanta zai tsaya, ɗan ya zo ƙanƙani, hantsar ba ruwa.

Akwai kuma lissafin lokaci. Da damina awaki suna turke saboda shuka. Ana gama girbi sai a kwance su, ka ga akuyar ɗaure ta samu sake, a nan ake yawan barbara. Ƙara wata biyar a kan Nuwamba ko Disamba, ka faɗa Afrilu ko Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da fili ya zama ƙasa zalla. Ga shi kuma ɗan da ke ciki a makonni shida na ƙarshe ya fi yin girma. Ba a fafe gora ranar tafiya: harawar da aka ɗora a kan rumfa tun kaka, da ƙowar wake, da dusa, da 'ya'yan gawo, da ɗan jiƙon kanwa, su ne za su zama nono a hantsa.

In haihuwa ta matso, hantsa ta cika tana sheƙi, gindin bindi ya yi laushi, akuyar ta ware kanta tana tonon ƙasa da ƙafa, ta kwanta ta tashi. Ɗan yakan fito da ƙafafun gaba, hanci a kansu. Yawanci ba ta buƙatar kowa. Sai fa in ta yi rabin awa tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya leƙo, to a nemi malamin dabbobi.

To, a nan ne gardamar da na fi so take. Tun muna yara, da zarar akuya ta haihu muka ruga, goggona takan daka mana tsawa: "Kai, ku ja baya! Kada wanda ya sa masa hannu, uwar za ta ƙi shi!" Wannan magana ta zaga ƙasar Hausa, kuma ba zan ce ƙarya ce ba, don na sha ganin akuya ta sa ƙaho ta watsar da ɗan da ta haifa da cikinta, yana kuka tana kallon wani wuri. Sai dai ban yarda hannu ne ke jawo haka ba. Na ga matan da suka kama ɗan akuya tun yana jiƙe, suka share masa majinar hanci, suka ajiye shi gaban uwar, ta ci gaba da lasa kamar ba a yi komai ba. Na kuma ga ɗan da ba wanda ya taɓa, amma aka ƙi shi, domin yara sun kewaye uwar da ihu, kare ya gilma, ta tsorata ta gudu, kafin ta dawo ya bushe.

Abin da ke faruwa shi ne, akuya ba ta zuwa da sanin ɗanta. A lokacin lasar nan ta farko take ɗaukar ƙanshinsa ta riƙe, kuma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. A 1964 wani masanin halayyar dabbobi a Amurka, Peter Klopfer, da abokan aikinsa sun gwada haka. Awakin da aka bari da 'ya'yansu na minti biyar kacal bayan haihuwa, ko an raba su na 'yan awanni sukan karɓe su in an dawo da su. Waɗanda aka ɗauke wa 'ya'yan nan take kuwa, da yawansu sun ƙi su. Ashe rabuwa ce matsalar, da tsoratarwa, da goge ɗan ƙal da tsumma mai warin sabulu ko turare har abin lasar ya ƙare. Goggo ta yi daidai da ta kore mu, don taron yara a kan akuya mai jego masifa ne. Amma ina jin zafin yadda wannan tsoron yake sa babba ya tsaya ya naɗe hannu yana kallon ɗan akuya yana shaƙewa a cikin jakar ruwan da ba ta fashe ba. Ɗan da aka taɓa ana iya lallashin uwarsa, a riƙe ta ya sha, a killace su tare kwana biyu ko uku har ta saba. Kuma in ka bincika, yawancin masu ƙin 'ya'ya 'yan haihuwar fari ne da aka yi wa barbara da wuri, ko waɗanda yunwa ta cinye.

Masu kiwo na gaske da hancin nan suke yi wa akuya dabara. Nononta biyu ne, in ta haifi uku ɗaya zai sha wuya. Idan wata ta haifi guda a rana ɗaya, sai a shafe na ukun da ruwan haihuwar waccan, a tura mata shi tare da nata. Sau da yawa takan lashe su duka, ta shayar.

Bayan lasa, dakashi. Ɗan akuya yana zuwa duniya ba garkuwa a jininsa, domin mahaifar akuya ba ta ba shi ita tun yana ciki. Dakashin nan mai kauri da ruwan ɗorawa shi ne garkuwar, kuma hanjinsa a awannin farko ne ya fi iya tsotse ta, bayan kwana guda hanyar ta rufe. Masu cewa dakashi ne ke sa zawo, su tatse su zubar, sun zubar da maganin zawon ne. A matsa kan nonon a ga ya ɓulle, don wani lokaci yakan toshe. Ɗan jar akuya bai cika wuce kilo biyu ba ranar haihuwa, sanyin hunturu ko jiƙaƙƙiyar ƙasar damina na iya gamawa da shi a dare ɗaya, sai a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa inda iska ba ta bugawa. A tsoma cibiya a aidin. Mabiyiya kuwa a bar ta ta faɗo da kanta, kada a ja. Wasu sun ce in akuya ta cinye ta nononta zai ƙafe. Na ga waɗanda suka ci suka shayar da tagwaye lafiya lau, duk da haka na fi son a ɗauke a binne saboda karnuka da ƙuda, a wanke hannu da sabulu, mai juna biyu kuma ta nisanci wannan aiki.

A kwanakin farko akuya takan bar ɗanta kwance a lungu, ƙarƙashin rumbu ko bayan turmi, ta tafi kiwo. Ba ƙi ba ne, ɗabi'arta ce ta ɓoyo. In ta dawo sai ta yi kira ya amsa, ta sunsuni gindin bindinsa, sannan ta yarda ya sha. Daga nan kunne ya shigo cikin aikin. A 2012 Elodie Briefer da Alan McElligott a Landan sun nuna cewa uwa tana gane kukan ɗanta watanni da yawa bayan yaye, wasu har kusan shekara. Duk wanda ya taɓa sayar wa maƙwabci ɗan akuya ya san haka, don uwar takan yini a jikin danga suna amsa wa juna.

Da ɗan akuya ya yi mako biyu zai fara tsinkar ganye, a wata uku a yaye shi, a kuma raba mazan da matan tun lokacin. A tsince ledojin tsakar gida kafin ya koyi cin su. Daga wata uku zuwa huɗu ya isa allurar PPR, annobar nan mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wadda takan share garke cikin mako biyu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar, kuma a tambayi malaman dabbobi na ƙaramar hukuma ranar da za su zagayo.