Allurar da ta rage cikin nama

A ƙasar Tajaye, kamar a Ƙwanni da Malbaza da Illela, in saniya ta kama tari ko zawo, makiyayi yakan sayo kwalbar allura a kasuwa, ya yi mata da kansa. Galibi maganin nan ne da ake kira taramisin. In ta tashi, madalla. In ba ta tashi ba, sai a yi maza a kai ta kasuwar Badagishiri, a sayar wa mahauci tun ba ta mutu ba. Kowa na gudun hasara. Amma fa maganin yana nan cikin jikinta.

A kwata, ma'aikacin kiwo yana duba nama kafin ya buga tambari. Yana tsaga hanta da huhu, yana neman tsutsa da tarin fuka. Wani lokaci yakan tarar da wurin allura ya kumbura, ya yanke shi ya yar. Sauran maganin da ya bi jini ya zauna cikin ƙoda da hanta, wannan ido ba ya ganinsa.

Sai an yi awo. Ga yadda ɗaya daga cikin awon yake: a matse ruwan nama, a ɗiga shi cikin ƴar kwalba mai ƙwayoyin cuta, a ɗumama kamar awa 3. In naman ba magani, ƙwayoyin su hayayyafa, launin kwalba ya koma ruwan ɗorawa. In launi bai sake ba, magani ne ya hana su. Irin wannan awo ba a kowace kwatar ƙauye ake samunsa ba.

Dahuwa ko gashi ba su kawar da maganin duka. Mai cin irin naman nan yana shan magani kaɗan-kaɗan bai sani ba, har ƙwayoyin cutar jikinsa su saba da shi. Ran da ya kwanta, maganin likita ya kasa. A shekarar 2019, ƙwayoyin cuta masu ƙin magani sun kashe mutum fiye da miliyan 1 a duniya.

Kowace kwalba ta kirki tana da kwanakin jira a rubuce, da faransanci ko ingilishi. Ma'aikacin kiwo zai karanta wa mai bisa. Allura mai daɗewa a jiki takan kai sati 3 ko 4 kafin a yanka. Nono ma yana da nasa kwanakin, kafin a dama fura da shi ko a ba yaro.