Mai Baka da Mai Gudu: Wanne Ne Ya Girma?

Finafinan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam sun shigo ƙasar Adar ne ta katin waya. Daga Madawa har Buza da Keita, saurayi zai biya rumfar cajin salula a tura masa zango guda, ya dawo fada, shayi na kan wuta ana kallo. Biyu daga cikinsu sun fito daga gida ɗaya, tashar CW ta Amurka: Arrow, wanda aka yi daga 2012 zuwa 2020 cikin zango 8, da The Flash, daga 2014 zuwa 2023 cikin zango 9. Ina son su duka, amma zuciyata ta rabu a kansu. Gardamar wanda ya fi ƙarfi ba ta da nisa, domin mai gudun walƙiya zai tsere wa kibiya. Abin da ya cancanci awo shi ne wanda marubuta suka bari ya girma tsakanin Oliver Queen mai kwari da baka da Barry Allen mai gudu.

Oliver ya fara ne a matsayin sangartaccen ɗan attajiri, wanda har ya ci amanar budurwarsa Laurel da ƙanwarta Sara. Jirgin ruwan mahaifinsa ya nutse, uban ya kashe kansa don ɗan ya rayu, bayan ya damƙa masa amanar gyara ɓarnar da ya yi wa birninsu. Shekara biyar ana zaton Oliver ya mutu, alhali yana can yana fama, galibi a tsibirin Lian Yu. Da ya dawo, jikinsa duk tabo, ya tarar uwarsa Moira ta auri wani, ƙanwarsa Thea ta faɗa shaye-shaye, Laurel kuma ta shaƙu da amininsa Tommy.

Ba'adare ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan dawowa. Mu mutanen biɗa ne: Abijan, Legas, Libiya, Aljeriya. Ko a 1984, lokacin da aka soma aikin raya karkarar Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata ne suka fi yawa a wurin ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa, saboda maza da yawa suna waje. Mun san mutumin da ke dawowa da abin da ba zai iya faɗa wa ko uwarsa ba, mun kuma san gidan da ya koyi tafiya babu shi. Shi ya sa shirun Oliver a gaban iyalinsa ya fi faɗansa kama ni.

A zangon farko mai kisa ne, yana bin sunayen da ke cikin littafin ubansa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen zangon, cikin 2013, mahaifin Tommy ya girgiza unguwar talakawa ta Glades da wata na'ura, mutum 503 suka hallaka, har da Tommy, wanda ya taɓa kiran Oliver mai kisan kai. Daga nan Oliver ya yi alkawarin daina kisa. Marubutan kuma ba su bar alkawarin a baki ba, sun gwada shi da mafi zafin gwaji: maƙiyinsa Slade Wilson ya soke Moira a gaban idonsa, amma da Slade ya faɗo hannunsa sai ya ɗaure shi, bai kashe shi ba. A zango na 5 aka kawo Adrian Chase, ɗan wani mutum da Oliver ya kashe tun a shekararsa ta farko, ya azabtar da shi har ya amsa da bakinsa cewa ya ji daɗin kisan da ya yi. A 2018 Oliver ya bayyana kansa a bainar jama'a, ya shiga kurkuku don a ƙyale abokan aikinsa. Ƙarshe ya ba da ransa don wasu su rayu. Kowane taki da ya yi gaba sai da ya biya, kuma tsohon bashinsa bai taɓa daina binsa ba.

Barry kuwa da nagarta ya fara. Yana da shekara 11 aka kashe uwarsa Nora, aka ɗaure ubansa Henry bisa laifin da bai yi ba. Ɗan sanda Joe West ya ɗauke shi riƙo, ya haɗa shi da ƴarsa Iris, bai bambanta su ba. Duk wanda ya tashi a hannun kawu ko gwaggo zai gane darajar abin da ke tsakanin Joe da Barry, kuma a nan The Flash ya fi Arrow taushi da albarka. Ƙarshen zangon farko, a 2015, yana cikin abu mafi kyau da na gani a irin waɗannan finafinai. Barry ya samu ikon komawa daren da aka kashe uwarsa, ya isa ɗakin, ya danne zuciyarsa bai tsoma hannu ba, sai da mai kisan ya tafi ya durƙusa ya yi ban-kwana da ita. Yaro ya karɓi ƙaddara, ya zama babba a dare ɗaya.

Shekara guda bayan haka aka warware wannan girma. Wani sabon maƙiyi mai suna Zoom ya kashe Henry, Barry ya koma baya ya ceci uwarsa, duniya ta hargitse, ya dawo yana roƙon maƙiyinsa ya sake kashe ta. Lallai akwai hasara: ɗan'uwan abokinsa Cisco ya mutu, ƴar John Diggle, abokin aikin Oliver, ta ɓace daga duniya aka maye ta da ɗa namiji. Sai dai waɗansu ne suka biya, shi nasa rabon nadama ce ta ƴan makonni. Haka ya amince da malaminsa Harrison Wells aka yaudare shi, zango na gaba ya sake sakin jiki da wani malamin gudu aka sake yaudararsa. Kusan kowane zango sai gwiwarsa ta yi sanyi, wani ya ja shi gefe ya yi masa nasiha, ya tashi ya ƙara gudu. Nasihar farko ta ratsa ni, amma da aka yi ta maimaita ta sai na gane ba a nufin ta zauna masa.

Adalci ya sa a faɗi laifin Arrow shi ma. Oliver ya karya alkawarinsa ya kashe maƙiyansa Ra's al Ghul da Damien Darhk. Ya sha rantsuwar daina ɓoye wa mutanensa gaskiya, ya sake ɓoyewa, har batun ɗansa William ya raba shi da masoyiyarsa Felicity. A zango na 4 rikicin soyayya ya danne labarin, aka kashe Laurel ba tare da an ba ta haƙƙinta ba. Ciwon guda ne a gidajen biyu: tashar da ke son kashi 22 ko 23 kowace shekara tana tsoron jarumin da ya gama koyon darasinsa. Akwai kuma uzuri na gaskiya ga Barry. Mai laifi yana da hanyar tuba a gabansa, mai kallo na ganin tazarar da ya ci. Mutumin kirki kuwa gwajinsa tsayuwa ne, kuma tsayuwa a kan kirki bayan an kashe maka uwa da uba ba ƙaramin jarumtaka ba ce. Bahaushe ya ce hali zanen dutse, Barry ya tabbatar da wannan ta fuska mai kyau.

Duk da haka, da na ɗora su a ma'auni, Oliver ya rinjaya. Tuntuɓensa na mai tafiya gaba ne, domin mutumin da ya rufe labarin a 2020 ba shi ne wanda aka tsinto a tsibiri a 2012 ba, kuma ana iya nuna inda kowane canji ya samo asali. Barry na 2023 ya yi aure, ya zama uba, ya ƙara sauri, amma zuciyarsa tana nan kusa da inda ta isa tun 2015. Idan ƙanena ya tambaye ni wanda zai yi koyi da shi, Barry zan nuna masa. Idan marubuci ya tambaye ni wanda zai nazarta, Oliver zan ce.

Wannan awo ya shafi namu. Masu shirya dogayen finafinan Hausa irin su Daɗin Kowa da Labarina suna fuskantar jarabawa iri ɗaya, ta tsawaita labari saboda masu kallo ba su gaji ba. Roƙona gare su shi ne: idan kun sa jarumi ya tuba, ku bar tuban ya ci masa wani abu da yake so, idan kuma ya koyi darasi, kada ku ƙwace masa shi a zango na gaba. Wanda ya ba labari shekarunsa yana da haƙƙin ya ga shekarun sun yi aiki a kan mutanen da ke cikinsa.